Kwalbar Za'afaran ta Maƙwabciyata

Ko da zan manta da komai na zamanmu a Kuala Lumpur, ba zan manta da ranar da na gane abin da na zubar a kwandon shara ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin kullen korona ne. Maigidana ya je Najeriya tattara bayanan digirinsa na uku, aka rufe hanya, na haihu ni kaɗai a gidanmu da ke unguwar Sentul. Babu uwa, babu ƙanwa, babu mai dama mini kunun kanwa. Wadda ta tsaya mini ita ce maƙwabciyata, 'yar ƙasar Iran, da mijinta ke koyarwa a jami'a. Ita ke yo mini cefane, ta rataye a ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta ja da baya.

Wata rana ta miƙo mini 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, da wasu jajayen zaruruwa a ciki. Ta ce, "Za'afaran ne na garinmu, 'yar'uwa. Ki riƙa sawa a madara, yana ƙara wa mai jego ƙarfi." Takunkumi ya rufe mata baki, ban ji sauran bayanin ba, ban kuma tambaya ba.

Na yi godiya, amma a raina na raina kyautar. Har na kira yayata a Kano ina dariya, na ce an kawo mini gemun masara gudummawar haihuwa. Washegari na juye kwalbar duka a tukunyar dafa-duka. Shinkafar ta yi ɗaci kamar magani, na kwashe na zubar.

Bayan an sassauta kulle ta shigo ganin jaririya. Tana riƙe da ita ta ɗauko waya ta nuna mini hotunan garinsu. Ɗan ƙaramin gari ne a gindin duwatsu, gonaki sun rufe da furanni masu ruwan shuni, mata a duƙe suna tsinka. Ta ce kowa a garin da za'afaran yake rayuwa. Da sassafe ake tsinke furen kafin rana ta buɗe shi, kuma zare uku kawai ake samu a kowane fure, da hannu ake cirewa. Ta nuna wata tsohuwa mai jajayen yatsu tana dariya.

"Mahaifiyata ce," in ji ta. "Cutar nan ta ɗauke ta, ban samu zuwa jana'iza ba. Wanda na ba ki, cikin na ƙarshen da ta tsinka ne. Raba shi na yi biyu." Sai ta dube ni. "Ya kika ji shi a madarar?"

Na so in ce da daɗi, a wuce wurin, amma 'yata na kwance a ƙirjinta. Na sunkuyar da kai na faɗa mata gaskiya, tun daga tukunyar har kwandon shara. Maganar gemun masara ce kaɗai na kasa faɗa.

Ta dube ni ta ce, "Duka? A tukunya ɗaya?" Na gyaɗa kai. Ta yi wata dariya hawaye na zuba. "Da tana raye, da tsintsiya za ta bi ki."

Ta miƙo mini jaririyar ta fita. Na zauna ina kuka, na tabbata ta tafi ke nan. Sai ga ta da kofi biyu na madara mai ɗumi, rawaya shar, daga nata rabon.

"Zare biyu ya isa," ta ce. "Sha, ki san ɗanɗanonsa."

Na sha, ban iya ɗaga ido na dube ta ba.

Tun daga ranar, in aka ba ni abin da ban sani ba, sai na tambaya kafin in yanke masa hukunci. Na koyi cewa wani yakan miƙo maka abin da ya fi ƙauna a duniya, bai kuma ce maka komai ba.