Inuwar da Ba Ta Noma

A Tabla, in an gama yankan hatsi sanyi ya shigo, kakata Inna Hajo takan hura wutar kara bayan mun ci tuwo, mu zagaye ta. Tatsuniyoyinta, da muke kira gatana, ba su da yawa, kuma ba ta yarda a katse ta.

"Ga ta nan ta taho," takan ce. "Wanda yaj ji barci shi tashi tun yanzu."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani manomi da ya yi fushi da inuwarsa. Kullum tana bin sa gona, ya sunkuya ta sunkuya, amma ko ciyawa ɗaya ba ta taɓa cirewa ba. Ran nan ya kore ta. Da yamma ya dawo gida. Uwarsa idonta ya yi rauni, da inuwarsa a bakin ƙofa take gane shi. Ta ji motsi, ba ta ga inuwa ba, ta ja ƙyaure ta rufe. Ya yi ta kira, ta ce ɗanta ba haka yake zuwa ba. Sai da ya koma daji ya ba inuwar haƙuri.

Na tambayi Inna abin da inuwar ta ce masa.

"Mi za ta ce? Ta biyo shi dai."

Bara ɗiyata Rakiya ta gama koyon aikin lantarki a Yamai. Ta ƙi aikin da na nemo mata, ta shiga wata ƙungiyar matasa masu ƙera siffofi da haske. Na hau mota daga Filinge da niyyar in dawo da ita.

Ta kai ni ɗakin da suke aiki. Abin da na tarar tsofaffin bakunan hauya ne da yagaggun rariya, an rataye su da waya. Raina ya ɓaci. Ta rufe taga, wani abokin aikinta ya kunna ƙananan fitilu a ƙasa. Sai ga inuwar kayan ta zama gonar hatsi a bango, zangarniya na kaɗawa yayin da fitilun ke juyawa, ga wata mace a duƙe tana tsintar abin da ya zube. Duƙawar irin ta matan yankinmu na Kurfai ce, hannu ɗaya a ƙugu. Na daɗe a tsaye.

"Wa ya yi ta?" na ce.

"Mu duka, Baba. Kowa da abin da ya rataya."

A nan gatanar Inna ta faɗo mini. Da ina yaro dariyar manomin nake yi. Ban san akwai abin da ba ya cika rumbu, amma da shi mutum ke gane nasa ba.

Ban ce wa Rakiya ta haɗa kaya ba. Har yau in maƙwabta suka tambaye ni aikinta, ban iya bayani. Amma duk hauyar da ta cinye a unguwarmu, gidana ake kawo ta, in aika Yamai.