Zanen Fuskar Mijin Inna Kuluwa

Ranar da aka ɗauke ni aiki ta ɓace mini, amma ranar da aka kore ni ba ni manta ta, don a kan hoton mamaci aka kore ni, mamacin da ko gaisawa ba mu taɓa yi ba. Ku da ke aikin situdiyo yanzu a Dogon Dutsi kuna jin ana cewa taurin kai ya ci Illa Mai Fenti. To ni ne Illan, ga yadda aka yi.

Ni ba ɗan boko ba ne. A aji shida na bar lakwal, wato makaranta, na kama zanen alluna: na masu aski, na masu gyaran babur, da rubutun bayan mota. Da buroshi na yi aure, da shi na ciyar da iyali, har aka kawo injin da ke buga allo a kan leda, sana'ar ta mutu a hannuna ina kallo. Sai Nasiru, wanda na ci naman sunanshi, ya buɗe situdiyo kusa da tasha ya ce in zo. Shi ne patoro, wato mai shago, shi ke ɗaukar hoto, shi ke karɓar kuɗi. Ni ina bayan kanta gaban ordinata, wato kwamfuta, ni ne mai gyara. Ga wanda bai san aikin ba: in aka kawo tsohon hoto, sai a ɗora shi kan gilashin inji ya shiga ordinata, in share datti da tsagewa, in daidaita haske, a buga shi babba a sa a gilas. Doka guda Nasiru ya kafa, wanda ya kawo hoto ba ya ƙetare kanta.

Nasiru ba mugu ba ne, intanet ce ta cinye shi. Kullum da abin da ya tsinto. Yau wani yaro ne can wata ƙasa da ya ƙera wasan waya shi kaɗai a ɗakin uwarshi. Gobe wani mai gilashin ido ne ke bayanin abin da ya sa shinkafa ke tsada. Jibi Turawa ne da ke biyan kuɗin sa guda a zana musu kifi da maciji a dantse. Sai ka ji, "Tonton, zo ka ga duniya!" Haka yake kirana, wato kawu. In taso in gani, in koma kujerata. A cikin tsince-tsincen nan ya samo wani shafi da ke gyara tsohon hoto da kanshi. Ka ba shi hoto, kafin ka kurɓi shayi ya miƙo maka shi fes. Tun daga ranar ya fara kallona kamar tsohon kaya.

Ranar kasuwa ce, kuma lokacin da 'yan jarrabawa ke haɗa takardunsu na dosiye, kowanne na son hoto huɗu. Layi har waje. Cikin wannan cunkoso wata tsohuwa ta shigo, ta ce sunanta Kuluwa, daga Gecheme, motar kasuwa ta biyo kuma ita za ta mai da ta da la'asar. Ta kwance bakin zane ta fito da hoton katin ɗan ƙasa, bai kai kwalin ashana ba, ya koɗe, hatimi ya cinye mishi kunci guda. Na maigidanta ne, ya daɗe da rasuwa, kuma babu wani hotonshi a duniya.

"Ido ya fara bari na, ɗana," ta ce mini. "Wanga ƙaramin ba ni ganin komi cikinshi yanzu. A yi min babba tun ina iya gani."

Na sa shi a inji. Nasiru ya leƙo ya ce, "Bari, Tonton, yau ba ranar ɓata lokaci ba ce." Ya tura hoton cikin shafin nan nashi. Abin da ya fito, wani saurayi ne mai sulɓin fuska kamar na tallan sabulu. Nasiru ya juya mata gilashin ordinata yana murmushi. Ta matso har hancinta ya kusa taɓawa, ta daɗe tana dubawa.

"Tubarkalla," ta ce. "Ɗan wa na? To ina nawa?"

'Yan makaranta suka kwashe da dariya. Nasiru ya ce, "Inna, shi ne fa. Gyara shi aka yi. Tabon da ke fuskar ne aka share."

"Tabo?" Ta kai hannu kuncinta.

Nan jinina ya hau. Ni ma Ba'are ne kamar mamacin, zanen ƙabilarmu biyu gare ni a kowane kunci, daga baki zuwa kunne. Na ce, "Patoro, in tabo ne, kawo abin naka ya share nawa. Shekaranjiya ka kira ni in ga kifi a hannun Bature, kana cewa gwaninta. Na ubanka kuma ya zama datti?"

"Tonton, ba gardama na zo yi ba. Mutane na son fuska mai kyau, ita suke biya. Ka buga mata wannan, in ba ta so a mai da mata kuɗinta."

Ban buga ba. Na koma kan hoton asali na fara da hannu. A raina na ce wannan ai aikina ne, abin da nake gani a madubi kullum. Na ja layi biyu a dama, biyu a hagu, miƙaƙƙu, na sa musu inuwa yadda za su zauna cikin fata. Na juya mata gilashi ina jiran godiya, ina kuma satar kallon Nasiru don ya ga bambanci.

Ta duba, ta girgiza kai. "Wanga Ba'are na. Amma ba shi na ba."

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Nasiru ya yi dariya ya ce, "To gwani, kai ma an kada ka." Gaskiya ya faɗa. Inji ya ba ta ɗan wani, ni kuma na ba ta fuskata.

Na tambaye ta ina kuskuren yake. Ta ce zanen ƙasa na hagu bai kai kunne ba. Uwar mijin ce ta ba ta labari, ranar da wanzami ke yi mishi zane ya zabura, aska ta goce, layin ya karkata ya sauka wajen muƙamuƙi. Shi ne daidai inda hatimi ya rufe. Tana nuna mini a iska daga wancan gefen kantar, ni ban gane ba. Sai na ɗaga katakon kanta, na kamo hannunta, na zaunar da ita a kujerar patoro kusa da ni.

"Tonton, me ke nan? Ka san dokata."

"Na sani."

"Yaran nan na jiran a buga musu, ordinata guda gare mu. Ka tashe ta, ko ka ajiye mini makullina."

Na ciro makullin shago daga aljihu na ɗora a tebur. Na ce, "Ga shi. Amma hoton ga sai na ƙare shi. In kana iyawa, zo ka ɗaga ta da hannunka, gaban mutane." Bai iya ba. Ya fita waje yana waya, rabin 'yan makarantar suka tafi situdiyon tsallaken titi.

Muka zauna ni da ita. Ta ɗora yatsa a gilashi tana ja, ni ina bi. "Sauko. A'a, ka yi yawa. Nan ya yi kauri, nan ya sirance." Ta sa na rage idon, ta ce na buɗe mishi shi kamar wanda ya ga kura. Ta sa na mai da furfurar da na share a gemu. Sau uku ina cewa ya yi, tana cewa, "Kai dai ɗana, gaggawa gare ka." Azahar ta wuce muna nan.

Da na ja ƙarshen layin ya sauka inda take so, ba ta ce ya yi ba. Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta kau da kai gefe, yadda matan dauri ke yi in maigida ya shigo da baƙi. Ban ƙara tambayarta komi ba. Na buga, na sa a gilas, na naɗe da kwali, na raka ta tasha. Ta ƙi yarda a ɗora shi saman mota, a cinya ta riƙe shi.

Na dawo na ɗauki hulata. Nasiru bai ce in zauna ba, ni ma ban roƙa ba. Kada wani ya gaya muku wai daga baya ya yi nadama. Situdiyonshi ya ƙara girma, shafin nan na nan yana aiki, amare da 'yan siyasa na fitowa da fuska kamar ƙwai, suna biya da murna. Ni ina rumfa bayan kasuwa da tsohuwar ordinata, wata rana a samu, wata rana a sha ruwa a kwanta. Kuma in aka mai da ni waccan ranar, makullin nan zan sake ajiyewa.

Abin da na koya ke nan, kuma ban koye shi da daɗi ba. Ku yi aiki da duk abin da kuka tsinto a intanet, ban hana ku ba, ni ba kowa ba ne. Mai rai in ya ce a goge shi, ku goge, fuskarshi ce, in kun ɓata zai dawo ya zage ku. Amma in aka kawo muku mamaci, kada ku yarda da inji, kada ku yarda da gwanintarku. Ku nemi wanda ya san shi ku ba shi kujera. Yadda kuka buga mutumin nan, haka jikokinshi za su san shi, kuma shi ba ya da bakin cewa ba shi ba ne.