Gilashin Ƙofar Riza

A shekarar 1992 Pashko ya fara haɗuwa da Riza, jim kaɗan bayan an yarda talaka ya mallaki mota a ƙasarmu. Kafin nan Shkodra garin kekuna ne. Da safe ba ka jin komai a titi sai ƙararrawar keke da takun doki mai jan amalanke, in kuwa mota ta gifta kowa ya san ta wane ofishi ce.

Pashko ya haura hamsin a lokacin. Yana yaro ya ɗan zauna a makarantar limaman coci kafin hukuma ta rufe ta, kuma daga can ya fito da rubutu mai tsabta da ƙin aikin gaggawa. Sauran shekarunsa a ma'aikatar gwamnati ya yi su, yana yanka gilashin tagogin gidaje da makarantu. Da ma'aikatar ta mutu sai ya kwaso teburinsa da abin yankansa ya kafa rumfa a bakin hanyar tabki.

Nan Riza ya same shi. Riza ya yi zaman Jamus yana wanke-wanke a gidan abinci, ya dawo da tsohuwar Marsandi ruwan toka. A tashar jirgin ruwa ta Durres ɓarawo ya fasa gilashin ƙofar direba ya zare rediyo, Riza kuma ya manna leda a wurin.

"Kai ne mai gilashi?" in ji Riza.

"Ni ne. Taga ko hoto?"

"Mota."

"Ban taɓa yi ba."

"Wa ya taɓa yi a garin nan? Gilashi ai gilashi ne. Ledar nan tun daga Durres take yi min kiɗa a kunne, ga ruwa ya kusa sauka."

Pashko ya kwance ƙofar, ya fitar da siffar wurin a kwali, ya zaɓi gilashin taga mafi kauri da yake da shi, ya yanka, ya goge bakinsa har ya yi sumul. Gilashin ya zauna daram, yana hawa yana sauka ba gardama. Labari ya bazu, wasu masu motoci suka zo, su ma ya yi musu. Babu wanda ya gaya mana cewa gilashin mota gasa shi ake yi don in ya fashe ya zube kamar tsakin gishiri. Na gida kuwa in ya fashe wuƙaƙe yake zama.

Ana tsakiyar sanyi Riza ya faɗa rami da motar a kusa da gadar Buna, gilashin a rabi, gwiwar hannunsa a kai. Gilashin ya tsage, wani dogon yanki ya shiga damtsensa na hagu. An ɗinke shi a asibiti, amma yatsunsa biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba.

Riza yana da 'yan'uwa maza uku masu zafin kai, kuma a shekarun nan jinin da ya zuba ba kotu ake kai shi ba. Pashko ya san haka. Duk da haka ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya sayi lemo, ya tafi asibitin. Ya tarar da su ukun a bakin ɗaki. Suka gaishe shi da ladabi, suka buɗe masa ƙofa.

"Na ce musu dutse ne daga tayar babbar mota," in ji Riza da suka rage su biyu. "Kai ma dutse ka sani."

"Riza, ni na sa gilashin nan."

"Ni kuma na ce ka sa. Zauna, ka tsaya min a kai kamar likita." Ya ɗauki lemo ɗaya ya juya shi a hannunsa mai lafiya. "Gahawa zan sha da kai duk ran da ka ga dama. Amma motata, ba za ka sake ɗora mata hannu ba. Ko ƙura ka gani a jikinta, bar ta."

Pashko ya rufe rumfa. Ya hau keke ya bi garin unguwa-unguwa, har ƙauyukan bakin tabki, yana neman duk motar da ya sa wa gilashin gida don ya canza shi da na gaske. Wasu suka yi masa dariya, wani ma ya kore shi don gilashinsa lafiya lau yake. Ya yi ta komawa har mutumin ya gaji ya ba shi makulli. Gilashin gaske kuma a wurin masu fasa matattun motoci a hanyar Tirana yake samowa, kuma a can ya koyi sana'ar, yana kwance ƙofofin da ba mai su yana mayarwa.

Cikin 'yan shekaru aka fara kiransa Usta, sunan da muke ba gwanin sana'a. In aka kawo masa mota da fasasshen gilashin gefe, sai ya tsuguna ya duba tukuna. In ɓarawo ne, za a ga inda ƙarfe ya daki tsakiya. In tsakuwa ce daga injin yankan ciyawa, mai motar yakan tuna ƙarar. Amma sau da yawa mutum zai rantse ba abin da ya taɓa motar, gilashin da kansa ya tarwatse. Sai Pashko ya nuna masa ɗan ƙwarzane a bakin gilashin, ko tsatsa a ƙarfen da yake hawa a kai, ya ce wannan ya daɗe yana jiran rana mai zafi ko a buga ƙofa da ƙarfi. Ba ya sa sabo sai ya share cikin ƙofar tas da buroshi da yatsunsa. Ya ce ɓurɓushin da aka bari a ciki zai yi ta kacau-kacau, ya toshe ramukan da ruwa ke fita, ya kuma karce sabon gilashin.

Riza a Tirana aka gyara masa tasa ƙofar. Amma maganar gahawa ya cika ta. Kowace safiya yakan zo shagon gahawar da ke jikin rumfar Pashko.

"Mahauci, an tashi lafiya? Wa aka yanka yau?"

"Bajamushe, zauna. Kwanukan Jamus na gaishe ka."

Yakan kawo wa Pashko motocin surukansa da na maƙwabta, yana ce musu duk arewa babu kamarsa. Tasa kuwa a ƙetaren titi yake ajiye ta, ƙarƙashin bishiya. Shekara ashirin Pashko yana shan gahawa yana kallon ƙofar nan daga nesa. Matarsa Drane kaɗai ta san cewa a bayan rumfar, cikin tsohon bargo, akwai gilashin wannan ƙofa, na gaske, wanda ya samo tun sanyin da abin ya faru. Ta taɓa ce masa ya sayar. Ya ce yana da mai shi.

Sai auren Besnik ya zo, ɗan autan Riza, a watan Agusta. Ranar Lahadi za a je ɗauko amarya, kuma Riza ya daɗe da cewa a motarsa za ta shigo gidansa, shi zai tuƙa. Ranar Asabar da tsakar rana aka tsayar da motar a tsakar gida ana wanke ta. Ta sha rana tun safe. Wata 'yar'uwar ango ta watsa mata bokitin ruwan rijiya mai sanyi, sai gilashin ƙofar direba ya yi ƙara ya zube.

Tsofaffin mata suka ce kambun baka ne, aka rataya tafarnuwa a madubi. Besnik ya kira masu sayar da kayan mota, kowa ya ce irin wannan tsohuwar sai an aika waje. Ya ce wa mahaifinsa a yi hayar sabuwa. Riza ya ce amaryarsu ba za ta hau motar haya ba, ba kuma za ta hau mai leda ba. Ya zauna a gindin inabi yana shafa yatsunsa. Sunan Pashko bai fito daga bakinsa ba, ba wanda ya yi ƙarfin halin ambata masa.

Matar Riza, Sanije, ce ta ɗaura ɗankwali ta tafi wurin Drane.

Da safiyar Lahadi, da mazan gidan suka tafi aski, Pashko ya shigo da kekensa yana turawa, bargon ɗaure a baya.

"Usta, ban gan ka ba," in ji Sanije.

"Ni ma ban zo ba, 'yar'uwa."

Ya kwance hannun murɗa gilashi, ya ɓalle marfin cikin ƙofar, ya jera kusoshin a kan hankici. Ya bi komai a hankali. Ya share tsakin jiya, ya kankare tsatsar da ta ci bakin gilashin har ruwan sanyi ya ƙarasa shi, ya shafa mai. Da ya zura hannu can ƙasan ƙofar sai ya taɓo wani abu mai kaifi. Dogayen yankuna ne guda biyu, sun yi baƙi da datti. Mai gyaran Tirana bai share ba. Pashko ya gane gogen bakinsu, aikin hannunsa ne. Ya naɗe su a takarda ya sa a aljihu, ya zura sabon gilashin, ya ɗaga ya sauke har ya gamsu, ya mayar da komai. Sanije ta fito da gahawa ta tarar ya tafi.

Riza ya dawo da sabon aski ya tsaya a gaban motar. Ya buɗe ƙofar, ya murɗa hannun da hagunsa, gilashin ya sauka ya hau shiru. Ya duƙa ya daɗe yana kallon ɗan tambarin da ke kusurwa, wanda ke nuna gasasshe ne. Bai tambayi kowa ba. Ya ce a ɗaura furanni, rana na yi.

Bayan an watse daga biki, da safe, Pashko na zaune da gahawarsa sai ya ga Marsandin ta wuce bishiyar, ta tsallako titi, ta tsaya a bakin rumfarsa. Riza ya fito ya ajiye makullin a kan tebur kusa da kofin.

"Mahauci, ƙofar baya tana wani ƙara tun bara. In ka gama sha ka duba ta."