Ranar da Aka Harbi Baba a Haɗeja

Ranar ma da kiran assalatu muka tashi, kamar kullum. Inna ta ɗauki buta ta yi alwala. Ni da Baba muka zaga bayan rumbu muka durƙusa. Shekaruna kamar goma sha biyu a lokacin. Bazara ce, kogi ya janye ya bar ruwa a gurabe.

Baba masunci ne. Yana yaro mahara suka kama shi a fadama, aka yi ta sayar da shi har Lakwaja. Can ya sami 'yanci, can ya karɓi Almasihu. Da ya girma sai ya tako ya dawo neman uwarsa, ya tarar ta rasu. Ya zauna, ya auri Inna. Ita tana sallarta, shi yana addu'arsa, ban taɓa jin sun yi musu a kai ba. Duk unguwar, maƙwabcinmu Malam Garba ne kaɗai ya san addinin Baba, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba.

Baba ba shi da littafi, ba shi da majami'a. Lokaci uku na addu'a ya ɗaure wa kansa, ya kuma koya mini. Da asuba godiya, ka lissafa abin da Allah ya yi maka jiya. Idan rana ta take, ka ajiye aiki ka yi shiru kaɗan. Da almuru ka ambaci wanda ya ɓata maka rai, ka roƙa masa alheri. Yakan ce, "Ladi, Allah ba ya nisa. Mu ne muke nisa, sai muna komawa kullum."

Da safen nan na gode wa Allah saboda kifin karfasar da muka ci, da haƙorin da ya fito wa ƙanwata Talatu. Watanta bakwai. Baba ya yi dariya ya ce amin.

Da hantsi Inna tana daka muka ji wata busa daga yamma, ba irin tamu ba. Kwana biyu ana cewa Nasara na tafe daga Kano. Tambura suka amsa daga cikin gari. Inna ta ajiye taɓarya. Baba ya mayar da komarsa ta kamun kifi ya rataye.

Da walaha igwa ta fara. Ƙarar farko ta zubo da ƙasa daga rufin ɗaki. Kaji suka watse. Ta biyu ta faɗa kusa da marina. Daga nan sai wata ƙara mai sauri wadda ba ta tsayawa, kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Daga baya na ji sunanta, bindiga mai ruwa.

Rana ta take muna cikin ɗaki. Baba ya kama hannuna muka yi shiru, kamar yadda muka saba. Ban iya tunanin komai ba, numfashinsa kawai nake ji.

Kafin azahar wuta ta kama unguwar da ke bayanmu. Malam Garba ya leƙo ta kan danga.

"Ku fito! Ku nufi kogi!"

Inna ta goya Talatu. Na ɗauki ƙwarya da ɗan gero. A ƙofar gida Baba ya tsaya. Tsohuwar Malam Garba, Iya Hajjo, makauniya ce, ba ta iya tafiya, shi kuma Malam yana riƙe da 'ya'ya biyu. Baba ya shiga gidansu ya goyo ta.

Lungu ya cika da mutane da awaki da hayaƙi. Wani doki ya wuce mu ba mahayi, linzami na ja a ƙasa. Mun kusa kai wa wata ɓaraka a jikin ganuwa sai sojoji suka ɓullo ta bakin lungun. Baƙaƙe ne kamar mu. Bature ɗaya yana bayansu.

Baba ya sauke Iya Hajjo a jikin katanga, ya tsaya a gabanta. Ya ɗaga hannu biyu, yana magana da ƙarfi da yaren da ya koya a Lakwaja. Sunan Yesu kaɗai na gane, sau biyu ya faɗa. Ba na jin wani ya ji shi a cikin wannan ƙara. Aka yi harbi. Baba ya zauna tukuna, sannan ya kwanta ta gefe.

Na saki ƙwaryar zan koma. Inna ta damƙi wuyan rigata.

"Wuce!"

Muka bi ta ɓarakar, muka gangara. Yashin kogi yana ƙona ƙafa. Muka tsallake ta inda ruwa bai wuce gwiwa ba, muka shiga cikin kaba da dogayen ciyayi. Da la'asar harbi ya ragu, sai ɗaya-ɗaya. Hayaƙi ya tsaya a kan gari.

Da almuru muka zauna a gindin wata goruba. Inna ta yi taimama ta yi sallah. Da ta sallame ta juyo.

"Lokacin addu'arki ya yi."

"Inna, wa zan ambata?"

"Kin san abin da zai ce."

Na durƙusa. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Inna ba ta matsa mini ba. Ta dafa bayana har duhu ya fara.

Washegari muka ci gaba, muna bin gefen fadama. Nonon Inna ya ƙafe. Talatu ta fara zawo, don ruwan gurbi muke ba ta. A rana ta biyu muka isa wani ƙauye a ƙasar Auyo, wurin ƙanin Inna. Talatu ta daina kuka tun a hanya. A rana ta uku da hantsi ta cika. Aka binne ta a bayan gari, kusa da wata tsamiya.

Bayan mako biyu Malam Garba ya zo. Ya ce ya koma ya tarar da Iya Hajjo da rai a jikin katangar, tana riƙe da ƙafar Baba, tana kiran sunansa. Ya ce gawa ta yi yawa, ramuka aka haƙa aka haɗa su. Ya nemi ya ga inda aka sa Baba, aka hana shi tsayawa. Gidanmu ya ƙone, har komar.

Godiyar asuba ce ta fara dawo mini, bayan damina ta sauka. Inna ce take tashina idan ta tashi sallah. Shirun tsakar rana ya biyo baya. Ta almuru kuwa, sai da na yi aure na haihu sannan na iya. Ban san sunan wanda ya yi harbin ba, ban ga fuskarsa sosai ba. Nakan ce, wannan mutumin na bakin lungu. Har yau haka nake kiransa a gaban Allah, wani lokaci da sauƙi, wani lokaci da ƙyar.

Mu huɗu muka fito daga gida ranar nan. Biyu muka rayu. Kabari ɗaya na sani.