Saura Kaɗan na Malam Hashimu

Shekarar da guguwa ta yaye rufin gidaje a gabashin Greensboro na fara zuwa ajin koyon karatu na manya, ina da shekara arba'in da bakwai. A tashar bas ta cikin gari na haɗu da Malam Hashimu, rungume da tsohuwar kwamfutar nan da kuka sani, wadda ya ɗaure da roba. Ko me ka tambaye shi, amsa ɗaya ce: "Saura kaɗan."

Manhaja yake haɗawa, mai hoto da sauti, don koya wa yaran firamare tsofaffin waƙoƙin ƙasar Sin. Na ce, "Malam, namu yaran ko Hausa ba sa amsawa da ita!"

Ya ce, "Malam Bala, kai zan riƙa gwadawa. In ka gane, kowa ya gane." Kun ji yabo!

Ya yi mini alkawari, ranar da zai kai ta makaranta, ni zan karanta wa yara fassarar waƙar farko da bakina. Saboda wannan na daina fashin aji.

Wata waƙa tana maganar kukan dinya. Na ce ya ɗauko a intanet. Ina! Sai ta gaske. Ya ja ni filin ajiye motoci na titin Wendover, inda dinyoyi ke taruwa, ya miƙa mini makirfo. Dinya ta bi ni da sara har ta yaga mini wando. Ya saurara, ya girgiza kai: "Wannan fushi take yi. Mai kewar gida nake nema."

Wata rana kuma muka je wata gona a Summerfield ɗaukar sautin sukuwar doki. Doki ya tsaya yana kallonmu har la'asar.

Sau nawa na ce ya ajiye kwafin aikin a wani wuri? Sai ya ce, "Ba a nuna tuwo kafin ya nuna." Ba karin magana ba ce, shi ya ƙirƙira don ya rufe mini baki. Lambar sirri kuwa ko matarsa bai gaya wa ba.

Ana nan sai Allah Ya yi masa rasuwa. Bayan sadakar uku matarsa Hajiya ta miƙo mini kwamfutar. Na kunna. Layi ɗaya ya fito, na karanta shi da kaina, ba wanda ya taimake ni: lambar sirri take nema. Mun gwada har mun gaji.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya sa ka huta.

Shekara shida, waƙa arba'in da biyu, kukan dinya goma sha ɗaya, wandona ɗaya, da ranar da zan tsaya gaban yara, duk sun tafi tare da lambar nan.