Kumbon Hafsatu

Jikata Hafsatu ta zo ta ɗaya a gasar kimiyya! Salamu alaikum, jama'a.

Tun da bama-bamai suka fara tashi a Kano, babanta yake cewa zai cire ta daga makaranta. A gidanmu na Koki ta ƙera kumbon gwangwani mai amfani da hasken rana.

Na ce, "Ai can sama rana ta fi kusa, wuta har ta yi yawa."

Ta ce, "Haba tsoho! Wani kumbon nesa da rana yake tafiya, sola ba ta isarsa." Tana matsar da shi cikin zaure, fitilarsa tana dusashewa, har fitilar ta mutu.

Mu a ajinmu na yamma na yaƙi da jahilci ba mu kai nan ba.

Yau babanta ya janye maganarsa. Kumbon yana zaure, kowa ya zo ya gani.