Ranar da Baba ya kunna wuta a cikin ruwa

A farkon daminar 1999, shekarar da soja suka koma bariki, wata Alhamis Baba ya tafi da ni da kakata Inna Jumma wani masaukin baƙi bayan Ƙofar Guga. Ina 'yar firamare lokacin. 'Yan siyasa sun fara cika gari, mai masaukin kuma yana so a tayar da kwarmin feshin ruwan lambunsa, wanda fitilunsa suka mutu tun mulkin farar hula na baya. Baba mai gyaran wuta ne. Inna kuwa daga ruga ta zo ganin likitan ido, ta ce ba za ta zauna gida ba tunda ta ji ɗanta zai haɗa wuta da ruwa.

Ya kashe wutar gidan, ya ciro tsohuwar taransifoma daga akwatinta, baƙa ƙirin, tana warin ƙuna, ƙadangare ya yi ƙwai a bayanta. Sabuwar ba ta fi bulo girma ba. Ya ɗaure ta nesa da ruwa, ya feƙe wayoyi, masu shiga daban, masu fita zuwa fitilu daban, ya naɗe da salatif. "Wannan ita ke karya ƙarfin wuta," ya ce mini. "Sa ke shiga, ɗan maraƙi ke fita."

Inna ta ce, "Ko maraƙi yana tunkuri."

Da aka idar da sallar magariba ya kunna. Ruwa ya yi tsiri sama, kore da ja da ruwan ɗorawa, kamar an narka duwatsun wuya. Mai gadi ya hau salati. Ni na kasa rufe baki. Sai Baba ya naɗe hannun riga ya nufi kwarmin. Shi ne ɗanta na fari, sunan kakansa ya ci, Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba, amma ranar ta ƙwala, "Hamisu!" Ya tsoma hannu har gwiwar hannu, ya juyo yana murmushi, idonsa cike da ƙwalla. A hankali ta matso, ta ɗebi ruwan a tafinta, ta daɗe tana kallon yadda hasken ke zubewa ta tsakanin yatsunta.

Yau fitilu masu launi sun cika kowane shago a Katsina, 'ya'yana ko waiwaye ba sa yi. Baba da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya. Ashe mamaki ma arziki ne, kuma yana ƙarewa.